Tukunyar Mutum Arba'in

Ana gobe hutu, da rana tsaka, wayar Kuku ta yi ƙara. Yana zaune a bakin gado yana yanke farce da reza. Ya bar ta tana kuka har ya gama yatsan da ya fara, sannan ya ɗauka.

'Yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti can ƙetaren gari. Ta ce tafiyar da suka shirya zuwa wajen dangin mijinta ta fasa, don an sa ta aiki jibi da sassafe. Saboda haka gobe wajensa za su yi hutun, ita da mijinta, kuma za su biya su ɗauko Inna, wato ƙanwar marigayiya matarsa. Yaran suna wajen kakarsu tun makon jiya. Kada ya wahalar da kansa, in ji ta, za ta dafa komai a gida ta zubo a kula.

"Ba a shigo mini gida da kula," ya ce. "Ku zo da cikinku kawai."

Ta ce to. Ya kashe wayar kafin ta ƙara wata magana.

Bai kai ga ajiye ta ba ta sake ƙara. Ƙanwar matar tasa ce, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta fesa masa cewa kada ya ɗauka ziyara ce kawai. Yarinyar ta riga ta kwashe kayan ɗakin da ke kusa da falonsu, ta sa an yi fenti, har katifa ta saya. Gobe duba shi za a zo yi.

"Ka wanke wuyanka, mijin yaya, za a zo awon tsoho."

Ya ce ta ji da nata tsufan. Ta yi dariya ta kashe.

Maganar ɗakin nan ba sabuwa ba ce. Tun ranar da aka yi rasuwar, kafin masu ta'aziyya su watse, 'yar ta ce ya tattara ya koma gidanta. Ya ƙi. Ta yi kuka, ya ƙi. Dangi suka sa baki, sai ya yanke maganar a gaban kowa: a ɗakuna biyun nan na hawa na uku zai zauna muddin yana iya riƙe kansa, amma ranar da ta zo ta ga da idonta cewa ya kasa, ta kawo mota, ba zai yi gardama ba. Kuku ba ya magana biyu. Kowa ya san haka, ita ma ta sani, shi ya sa ta share hawayenta ta koma gida ta zauna jira.

Shi kuwa gidan suruki yake gudu. Giwa a garin wani zomo ce. Mutum ya tsufa ya koma yana danne tari kada ya tashi mai gida daga barci, ana miƙo masa abinci a faranti kamar majinyaci, wannan bai ga ranar da zai yarda da shi ba.

Sunan Kuku a makarantar kwana ya samo shi, inda ya yi shekara talatin da wani abu yana ciyar da ɗaruruwan yara. Shinkafa da bokiti yake aunawa, mai da babban gwangwani, gishiri da tafin hannu, kuma ba ya ɗanɗanawa sai an kusa saukewa, don ya riga ya san abin da zai ji. Amma a gida bai taɓa ɗora tukunya ba. Kicin na matarsa ne, shi dai ya dawo ya wanke hannu a ajiye masa. Da ta rasu ya shiga ya ɗauki 'yar tukunyarta, a ganinsa wanda ya ciyar da makaranta guda, cikin mutum ɗaya wasan yara ne. Ranar farko gishiri ya hana shi ci. Kashegari shinkafar ta ƙone kafin ya dawo daga shanya riga. Ya rage gishiri, ta yi lami. Ya ƙara ruwa, ta caɓe. Babbar tukunya tana da haƙuri, takan ba mutum lokaci ya yanka albasa, ya yi wa ma'aikata faɗa, ya dawo ya same ta inda ya bar ta. Ƙaramar kuwa kafin ka waiwaya ta gama abin da ta ga dama. Bayan 'yan makonni ya wanke ta ya kife. Tun daga nan sai burodi da shayi, da kifin gwangwani, wani lokaci dafaffen ƙwai. Babu wanda ya sani. In 'yar ta leƙo shi a gurguje tsakanin aiki da gida, sai ya ce yanzu ya gama ci. In ta tambaya a waya me ya dafa, sai ya tambaye ta ko ita ce za ta koya wa kuku cin abinci.

Ya ajiye rezar ya shiga kicin. Ya ɗauko 'yar tukunyar, ya auna shinkafa da kofin shayi, ya ɗebi gishiri da kan yatsu kamar mai sa magani a ido, ya tsaya a kanta ƙiƙam bai je ko'ina ba. Da ya sauke, ƙasa ƙanzo, sama ɗanya. Ya kai loma ɗaya baki, ya tauna, ya tofar a tafin hannu. Ya tsaya yana kallon tukunyar, ba don yana jiran wani abu daga gare ta ba. Sannan ya koma ɗaki ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado.

Tukunyar makaranta tana nan inda take. Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi ita, ita ce mafi ƙanƙanta a kicin ɗin makarantar, wadda ake dafa wa malamai abinci ranar taro. Mutum arba'in take ci. Marigayiya ta mayar da ita ma'ajiyar barguna da tsofaffin labule. Ya jawo ta, ya juye kayan a kan gado, ya ƙwanƙwasa gefenta da ɗan yatsa, ta amsa. Muciyarsa ma tana ciki, an naɗe ta da zane. Ya kai tukunyar kicin ya ɗora a kan murhun gas mai kai biyu, ta haɗiye kawunan duka, har ta yi saura ta kowane gefe.

Shawarar da ya yanke ba ta da wuya. Zai dafa na mutum arba'in, tunda ƙasa da haka hannunsa bai sani ba. Zai ɗebi na mutum huɗu ya kai falo. Sauran ya ɓoye. Abin da za a yi da sauran kuma, maganar bayan baƙi sun tafi ce.

Kasuwa ta fara watsewa lokacin da ya isa. Masu rumfa suna ta jan ƙofofi, kowa yana sauri ya tafi gida hutu, abin da ya rage a kan tebura shi ne wanda masu zuwa da wuri suka tsallake. Kuku bai damu ba, ya saba sayen abin da ya rage. Ya zaɓi albasa da matsawa, tumatir da sansanawa, ya ƙi karas ɗin da aka yayyafa wa ruwa don ya yi kyan gani. Mai kaji yana wanke wuƙa ya tarar da shi, ya sa shi ya sake buɗe keji. Da mutumin ya ji yawan kajin da ake so, ya tambaya ko taro za a yi.

"Mutum huɗu ne," in ji Kuku.

Mai kajin ya yi dariya, ya ce Baba da wasa yake. Kuku bai yi dariya ba, ya ce a cire fuka-fukin da kyau.

Tasi ya kawo shi da kayan har gindin bene. Daga nan shi kaɗai ya yi ta hawa da sauka, yana hutawa a kowane hawa da hannu a ƙugu, in ya ji motsin maƙwabta sai ya miƙe tsaye kamar iska yake sha. Da ya gama shigar da kaya, ya tattara gwangwanayen kifi da ledojin burodi da suka taru a bayan ƙofa, ya ƙulle su a buhu. Bai zuba su a bolar gidan ba. Ya san 'yar da ya haifa, har kwandon shara takan leƙa. Sai da ya kai su can ƙarshen layi.

Gari na wayewa ya kunna wuta. Tun da mai ya yi zafi ya watsa albasa ta yi ƙara, jikinsa ya koma yadda ya saba. Bai yi tunanin komai ba. Hannu ya shiga buhun gishiri ya fito cike, ya watsa, ya sake komawa ya ɗebo rabi. Kaji suka soyu ya tsame. Tumatir ya ƙone ruwansa har mai ya taso sama. Ya wanke shinkafa a bahon wanki sabo da ya saya don haka, ya juye, ya juya da muciya daga ƙasa zuwa sama, ya dubi ruwan ya ƙara kaɗan, ya rufe. Sannan ya bar ta. Ya share ɗakuna, ya canza zanen gado, ya goge hoton marigayiya, ya yi aski, ya dawo ya tarar tana jiransa. Ƙamshi ya bi matakala har ƙasa. Matar da ke hawa na biyu ta ƙwanƙwasa ta tambaya ko lafiya, ya buɗe ƙofa kaɗan ya ce lafiya lau, baƙi zai yi, ya rufe.

Ya ɗanɗana, ya kashe wuta.

Ya cika langar marigayiya, ya jera naman kaza a sama. Ya ɗebi wani ya zuba a 'yar tukunyar, ya shafa mai a bakinta don ta yi kama da wadda ta yi aiki. Saura sauke babbar. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya naɗe hannu da tsumma, ya ja numfashi ya sauke ta a kai. Wani abu ya soke shi a gadon baya, ya tsaya a sunkuye har ya lafa. Sannan ya ja buhun a hankali, ta ƙofar kicin, zuwa barandar baya inda yake shanya. Ya tura ta lungu, ya lulluɓe ta da bargo yadda akan yi don kada abinci ya huce, ya jawo ƙofar. Ya ɗora ƙaramar a kan murhu. Ya sa rigarsa mai faɗi, wadda ba ta nuna ramar mutum, ya zauna a falo yana jira.

Da azahar suka iso. Ƙanwar matar ce a gaba, tana haki tana zagin wanda ya gina benen, tana cewa wanda ya zaɓi zama a nan ba ya son baƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska, ta ce ko dai aure ya yi a ɓoye bai gaya mata ba, alhali ita ce a kan layi. Ya ce ko mata sun ƙare a duniya ba zai ɗauki rediyo ya ajiye a ɗaki ba.

Surukin ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe shi kai a ƙasa. Mai sa gilashin tagogi ne, yatsunsa ba sa rabuwa da filasta. Tun da ya auri yarinyar, Kuku bai taɓa jin ya haɗa magana mai tsawo a gabansa ba. Daga "haka ne, Baba" sai "Allah ya ƙara lafiya". Ya samu gefen tabarma kusa da ƙofa ya zauna.

'Yar ta gaishe shi ta riƙe hannunsa, ta daɗe ba ta saki ba, yatsunta biyu a kan jijiyar wuyan hannun. Ya janye ya ce nan ba asibiti ba ne. Ta ce ruwa za ta sha, ta shiga kicin. Yana ji ta buɗe firji, ta tarar da ragowar karas da tumatir da ƙwai. Yana ji ta taka murfin kwandon shara, ɓawon albasa ne a ciki. Ta leƙa ɗakin kwana ta dubi gado, ta girgiza kwalbar maganin hawan jini ta ga ta ragu yadda ya kamata. Ta fito fuskarta ba ta nuna komai ba. A nan shi ta ɗauko.

Ya raba abincin a tsaye, ludayi biyu biyu, yanka ɗaya ɗaya, ba wanda nasa ya fi na wani, yana goge bakin kowane faranti kafin ya miƙa. Sannan ya koma gefe ya harɗe hannu yana kallonsu. Ƙanwar matar ta ce su ba 'yan makaranta ba ne, ya zauna ya ci, ko kuwa ya sa wani abu ne a ciki. Ya zauna.

Aka fara ci, sai ƙarar cokali. Shinkafar ta tsaya ɗai-ɗai, gishiri ya zauna daidai, naman yana rabuwa da ƙashi ba tare da an ja ba. Ƙanwar matar ta ce lallai yaya ta cuce su, shekara da shekaru tana ba su nata jagwalgwalon alhali ga gwani a gida tana ɓoyewa, Allah ya jiƙanta. Surukin ya ce Allah ya ƙara lafiya. 'Yar ta cinye ta miƙa faranti. Ya ƙara mata daga langa. Shi ma ya ci, ya ci fiye da yadda ya yi niyya, yana ƙoƙarin kada a ga saurin hannunsa.

Langa ta ƙare, ya ɗauko na 'yar tukunyar, shi ma ya ƙare. Sai ƙanwar matar ta zaro roba daga jakarta ta ce a zuba mata na dare.

"Babu saura," in ji Kuku.

"Babu? Kai da ka ciyar da makaranta guda? Baƙi uku kawai ka dafa kamar na majinyaci. Wannan rowar tsufa ce ta kawo ta ko dama can da ita aka haife ka?"

Ya ce ta mayar da robarta, ba gidan rabo ta zo ba. Amma maganar ta zauna masa. A rayuwarsa ba a taɓa cewa abincinsa ya kasa ba.

Wayar surukin ta yi ƙara a aljihu. Bai taɓa amsa waya a gaban Kuku ba, don haka ya miƙe a sunkuye ya nemi inda zai fita. Ƙofar waje ƙanwar matar ta tare ta da ƙafafu. Ya bi ta kicin, ya tura ƙofar baranda ya fita.

Kuku ya ce bari ya ɗora shayi. Ya shiga kicin ya tsaya a jikin taga.

Surukin yana magana da wani a kan gilashin da ya fashe a hanya. Yana magana yana kai da komo, har ƙafarsa ta bugi wani abu a lungu. Ya dubi bargon. Ya sallami mai wayar. Ya ɗaga gefen bargon, ya ga murfi, ya ɗaga murfin, tururi ya buge shi a fuska. Ya tsaya a sunkuye yana kallon shinkafa har kusa da baki, da cinyoyin kaji a jere a kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da murfin a hankali yadda ba zai yi ƙara ba, ya gyara bargon ya cusa gefensa, ya jawo bahon wanki ya jingina a gaba. Ya shigo, ya rufe ƙofar, ya zura sakata. Yana juyowa ya ga Kuku.

Suka haɗa ido, karo na farko tun ɗaurin aure. Surukin ya sunkuyar da kai.

"Iska ce ta yi yawa, Baba, shi ya sa na rufe."

Ya wuce falo. Kuku ya tsaya har ruwan ya tafasa.

Da ya kawo shayin ya tarar surukin yana magana. Mutumin da ba ya haɗa kalma biyar, yau ya buɗe baki. Yana cewa shi fa a ganinsa Baba garau yake, ga ɗaki tsaf, ga girki wanda ko a otal ba a samun irinsa. Tsoho in an tumɓuke shi daga inda ya saba, nan da nan yake lalacewa, ya ga an yi wa kawunsa haka bai shekara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a bar Baba da sanin kansa. Gidansu kuma ga hayaniyar yara, ga bakin titi, Baba ba zai samu barci ba. Ɗakin da aka yi wa fenti ba zai ɓaci ba, ba a rasa abin yi da ɗaki. Yana faɗa yana kallon tabarma.

Ƙanwar matar ta ce yau kurma ya yi magana, lallai abincin nan da wani abu a ciki.

'Yar ta juya kofin shayi a hannunta. Ta ce gaskiya da maganarta ta zo, ta shirya ta tun a gida. Amma ta duba ba ta ga abin da za ta kama ba.

"Ka iya, Baba. Na gani. Ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Shi ke nan, abin da yake nema ya samu. Kuku ya kurɓi shayi. Ya dubi surukin, wanda har yanzu kansa yana ƙasa, amma kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya. Ɓoye wa 'yarsa abu, wannan tsakaninsa da ita ne, uba da 'ya sun fi kusa. Amma yanzu sun zama su biyu a cikin ɓoyon, kuma na biyun don ya tsare ɗakin gidansa ya shiga. Daga yau duk ranar da mutumin nan ya durƙusa ya ce Allah ya ƙara lafiya, da abin da ya sani a ciki zai faɗa. Zaman da Kuku zai ci gaba da yi a hawa na uku, suruki ne ya ba shi aro.

Ya ajiye kofin.

"Ke, tashi ki buɗe ƙofar baranda. Ki ɗaga bargon da ke lungu."

Surukin ya ɗago kai. 'Yar ta dubi uban, ta tashi. Suka ji ƙarar sakata, suka ji an ja baho, suka ji murfi. Ƙanwar matar ba ta iya jira ba, ta bi ta, Kuku ya miƙe ya bi bayansu. Surukin ya tsaya a bakin kicin.

Har yanzu tururi yana tashi. Ƙanwar matar ta riƙe haɓa, ta tambaya ko sojoji ya gayyata, sannan ta tuna robarta ta ce ashe mugunta ce ba rowa ba. Babu wanda ya yi dariya.

'Yar ta mayar da murfin. Ta juyo da muryar da take yi wa marasa lafiya magana, a hankali, ta tambaye shi su wa yake jira, ko akwai waɗanda suka ce masa za su zo, ko ya san yau wace rana ce.

"Kaina ƙalau yake," ya ce. "Kada ki yi mini wannan muryar. Hannuna ne bai san kaɗan ba. Ƙasa da wannan ban iya ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta shiga kicin ta ɗauki 'yar tukunyar daga kan murhu, ta duba cikinta. Babu ƙanzo, babu alamar ta ga wuta yau. Ta ajiye ta.

"To tun rasuwar Mama me kake ci?"

"Burodi."

"Da me?"

"Da shayi."

Ba ta yi kuka ba. Ta kama hannun rigarsa mai faɗi ta naɗe shi sama, ta dubi damtsen, ta sauke. Ƙanwar matar ta fara cewa ai abin bai kai nan ba, ita za ta riƙa aiko masa da abinci kullum, ko a samu wata a unguwa ta riƙa dafa masa. Kuku ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

"Baba, ka tuna abin da ka faɗa a gaban mutane," in ji 'yar.

"Ban manta ba. Motar tana ƙasa?"

Tana ƙasa. Motar aikin surukin ce, mai buɗaɗɗen baya da katakan jingina gilashi.

Bai ɗauki abu da yawa ba. Kaya kala uku, magani, reza, hoton marigayiya. Sauran a zo a kwashe bayan hutu. 'Yar ta wanke faranti ta kife, ta rufe gas, ta kwashe abin da ke firji. Ƙanwar matar ta cika robarta, ta nemo wata a kicin ta cika, ta ce kada a kalle ta, ita ba ta gaba da abinci. Ko gezau tukunyar ba ta yi ba. Barin ta a baranda kuma ba zai yiwu ba, kafin gobe ta lalace, dole a tafi da ita.

Surukin ya ce zai ɗauka shi kaɗai. Ya gwada, ya kai ta bakin ƙofa da kyar, matakalar kuma ƙunci gare ta, ba a ganin gaba in an rungume ta. 'Yar ta ce bari ta kama masa. Kuku ya ce ta wuce, tukunyarsa ce. Ya kulle ƙofa ya sa mabuɗin a aljihu, ya naɗe hannu da tsumma ya kama hannu ɗaya, surukin ya kama ɗayan.

Matan suka yi gaba da jakunkuna. Su kuma suka bi a hankali, surukin yana ƙasa yana tafiya da baya, Kuku yana sama, bayansa yana sukarsa a kowane taki bai nuna ba. A hawa na biyu suka ajiye don su canza hannu. Muryar ƙanwar matar ta yi nisa, tana gaya wa wani a ƙasa cewa a gyara hanya ga abincin gari guda yana saukowa.

Surukin ya goge gumi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan murfin.

"Baba, ai na rufe ƙofar."

"Na gani."

"Da kun bari, da ba wanda zai sani."

Kuku ya sake naɗe tsumman a hannunsa, ya sunkuya ya kama.

"Ɗaga naka ɓangaren," ya ce. "Ta karkace."